Lamba Huɗu, Inci Goma

Ni na raba matata da keken ɗinkinta. Ban sayar da shi ba, ban fasa shi ba, ban taɓa buɗe baki na hana ta aiki ba. Da tabarau na yi, guda huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ni na zaɓo shi, na goge shi da bakin rigata, na ɗora mata a hanci ina jin ni mijin kirki ne. Da ana warware abin da ya wuce kamar yadda ake warware ɗinki, wannan zan fara warwarewa. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina a gaban jama'a.

Fiye da shekara ashirin ina sayar da tabarau na karatu a kan ɗan tebur a bakin titi, kusa da unguwar Akwatiyalayin. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na allo. Wanda ya koya mini sana'ar a wuni ɗaya ya gama koya mini ita. Ya ce in jera su bisa lambar da ke manne a gilashin, daga ɗaya har zuwa huɗu, in ajiye tsohuwar jarida a gefe. Mutum ya zo, in sa masa ɗaya, in miƙa masa jarida. In ya ce ya gani, ciniki ya faɗa. Iyakar ilimin ke nan. Allah ya gafarta masa, ni dai na daɗe kafin in iya yi masa wannan addu'a.

Duk lambobin kuɗinsu ɗaya ne. To ka san mutanenmu na Zango. In tumatir babba da ƙarami kuɗinsu ɗaya, wa zai ɗauki ƙarami? Kowa babbar lamba yake so. Dattawa ma har alfahari suke yi da ita a kan benci bayan La'asar.

"Ni uku nake sawa."

"Uku? Ashe kai yaro ne. Ni tun bara na shiga uku da rabi."

Kamar masu gasar ƙarfin inji. Ni kuwa da na ga haka sai na ƙirƙiro tawa wautar. Mai waken kasuwa tana ƙara maka hannu ɗaya bayan ta auna, mai gawayi yana jefa maka gutsure biyu. Ni ma na ce zan riƙa yin gyara. In mutum ya gwada biyu ya ce ta yi masa, sai in ce, "Baba, riƙe biyu da rabi, gyara ce daga gare ni." Ya yi ta sa mini albarka. Ya kawo jaridar kusa da hancinsa kaɗan, ya ga baƙaƙen sun yi manya, ya tafi yana murna. Ban taɓa lura cewa hannunsa ne yake matso da takardar ba. Shekara ashirin ina kallon hannaye suna matsowa, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Wannan ba rashin boko ba ne. Rashin hankali ne, kuma nawa ne.

Matata tela ce, kuma ba ƙaramar tela ba. A barandar gidan da muke haya take ajiye kekenta na ƙafa, da teburin yanka a gefe. Ba ta amfani da takardar fasali. Ta dubi mace sau ɗaya, ta zagaya ta da tef, ta ja alli a kan atamfa, almakashi ya bi. Duk layinmu Mma Tela ake kiranta. In za a yi aure, ita ake kawo wa yayi, wato yadin da matan dangi da ƙawaye suke ɗinkawa iri ɗaya don ranar biki. Mata har daga unguwar Tafo suke hawo torotoro, motar haya, su zo wurinta. Ni kaina da ita ake kwatanta ni: mai tabarau, mijin Mma Tela.

Da ta haura arba'in sai zare ya fara yi mata gardama. Ta lashi bakinsa, ta nufi kafar allura, ya wuce gefe. Ta ja kanta baya, ta runtse ido, ta sake. Wata safiya ta ce mini, "Malam, ka zo mini da irin abin nan naku mana. Allura ta fara raina ni."

Na ji daɗi ƙwarai. Ga ranar da sana'ata za ta yi amfani a cikin gidana. Na kawo jaka guda, na zaunar da ita a kan tabarma, na miƙa mata jarida. Ta sa ɗaya da rabi ta ce, "Kai, wannan ya yi, har ɗigon nan nake gani." Na karɓe. Ɗaya da rabi ga matata? Abin da nake ba 'yan gayu masu son a ce suna karatu? Baƙo ma ina yi masa gyaran rabi, balle uwar 'ya'yana. Na ba ta biyu da rabi. Kekenta yana nan a baranda, taku biyar daga inda muke zaune. Ban ce ta je ta zauna a kansa ta gwada ba. Taku biyar.

Kwana uku ta ce, "Malam, allura kam ina ganinta. Amma in na tashi yanka, sai in ga layin allin ya baje kamar an zuba masa ruwa."

Na ce, "Ƙarfinsa ne bai kai ba." Na kawo uku.

Bayan wata biyu ta ce yanzu allurar ma sai ta sunkuya. Na kawo uku da rabi. Ta fara ciwon kai, wuyanta ya riƙe, in an kira ta sai ta juyo da jiki gaba ɗaya. Tana taka keke fuskarta na dab da shi, har ƙarfen nan da yake hawa da sauka da zare ya riƙa dukan goshinta. Ya yi mata baƙin tabo a saman gira. Ina ganin tabon kullum da safe, ina cewa a raina ciwon idon nan yana sauri.

Ita ba wawiya ba ce. Ta riƙa zame tabarau ɗin zuwa ƙarshen hanci tana leƙe ta sama in za ta yi yanka. Da na kama ta sai na hau faɗa.

"Haka ake kashe ido! Sa, cire, sa, cire. Ido ba ƙofar shago ba ne. Ki bar shi ya saba."

"Malam, in na cire fa ina ganin hasumiyar masallaci tas, har tsuntsun da ke kanta."

"Haka yake farawa."

"Ko in koma wancan na farkon, mai ɗaya da rabi?"

"Lamba ba ta komawa baya. Kin taɓa ganin tsoho ya koma yaro?"

Wa ya faɗa mini lamba ba ta komawa baya? Babu. A bakin titi na tsince ta, wurin 'yan uwana masu tebur, na ɗauko na shigo da ita gida kamar aya. Ta faɗa mini gaskiyar idonta da bakinta, idon da yake a kanta ba a kaina ba, na ƙaryata ta.

Sai ta ce za ta je asibitin ido. Nan ne laifina ya fi girma, kuma ba zan ɓoye ba. Ba lafiyarta na duba ba, teburina na duba. Na ce, "A ga matar mai tabarau a layin asibitin ido? Gobe wa zai tsaya a gabana? Su ma can abin da za su ba ki ke nan, sai dai su sa shi a kwali mai kyau." Ta fasa zuwa. Na kawo lamba huɗu, na ce mata ita ce ta ƙarshe, bayanta sai addu'a.

Da lamba huɗu a fuskarta ta yanka yayin auren 'yar maƙwabciyarmu. Leshi ne mai tsada, na mata goma sha biyu. Sai ta kifa fuska a kan yadin ta ga faɗin tafin hannu ɗaya kawai, ta ja alli, ta matsa, ta sake kifawa. Layin da ake ja da numfashi ɗaya ta ja shi guntu-guntu. Ana saura kwana biyu biki uwar amarya ta shigo tsakar gida da riguna uku a kafaɗa, mata na wanki, wasu na tankaɗe, kowa na ji.

Ta ɗaga ɗaya ta ce, "Mma Tela, wannan hannun riga ne ko ƙafar wando? Ɗaya ya kai gwiwar hannu, ɗaya yana neman ƙasa."

Wata daga bakin famfo ta ce, "Sabon yayi ne, daga birnin Ankara ya zo."

Aka yi dariya. Uwar amarya ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ba faɗa na zo yi ba, Mma. Shekara nawa kina yi mana ɗinki. Amma in ido ya tafi, a faɗa wa mutane. Ba abin kunya ba ne."

Ina tsaye a bakin ƙofa da jakar tabarau a kafaɗa. Na buɗe baki na ce, "Ku yi haƙuri, lalura ce. Muna iya ƙoƙarinmu." Muna! Ka ji ɗan banza.

Matata ba ta yi kuka ba. Ta karɓi rigunan, ta ninke su, ta ba da haƙuri. Bayan sati ta aika wa ƙanwarta da ke Tafo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta ce ta zo ta ɗauki keken. Aka ɗora shi a bayan taksi, ƙafafunsa na leƙowa daga but. Ta cire tabarau ta sa a cikin kwano a saman kabad. Daga ranar ta zauna jiran makanta. Ta riƙa koyon tafiya cikin ɗaki ido a rufe, wai don kada abin ya same ta ba shiri. Ni kuma ina ba ta haƙuri, ina kawo mata ruwan addu'a.

Shekara bakwai aka yi a haka. Makanta ba ta zo ba. Ko wannan bai sa na yi tunani ba. Na ce addu'a ce ta tsayar da ita.

Wanda ya tona mini asiri wani ɗan ƙabilar Asante ne daga Magazin, unguwar makanikai, dattijo mai aikin injin da ake feƙe ƙarfe a kansa. Ya zo teburina da tsakar rana, rigarsa duk baƙin mai, da ma'aunin ƙarfe a aljihun ƙirji. Na miƙa masa jarida yadda na saba. Ya ture ta.

"Kramo, ni ba jarida nake ci ba." Haka suke kiran kowane Musulmi. Hausarsa irin ta Magazin ce, amma tana fita. "Daga idona zuwa bakin ƙarfe inci ashirin ne. Ba ni lamba biyu."

Na ce, "Masta, mutum kamarka? Riƙe biyu da rabi, gyara ce."

Ya dube ni ta ƙasan ido. "Gyara? Kana so inji ya cinye mini hanci? Biyu da rabi inci goma sha shida ne. In matsa inci huɗu, wa zai riƙe mini gemu?"

Na yi dariya, don na ɗauka wasa yake. Na ce wane inci kuma, ai lamba ƙarfi ce, mai ƙarfi ya fi gani.

"Ei, Kramo! Shekara nawa kana wannan aiki?"

"Tun kafin a yi wannan kwalta."

"To kwalta ya fi ka karatu. Kawo huɗu."

Ya tsuguna a gefen titi inda rana take, ya shimfiɗa jaridata a ƙasa, ya riƙe gilashin a samanta. Hasken rana ya bi ta ciki ya sauka a kan takarda kamar faifai. Ya yi ta sauke hannu a hankali, faifan yana tsukewa, har ya zama ɗigo ɗaya mai zafin haske, takardar ta fara hayaƙi. Ya ce in riƙe ma'auni in auna daga gilashi zuwa takarda. Inci goma. Ya ɗauki lamba biyu ya sake. Wannan karon sai da ya ɗaga hannu sama kafin ɗigon ya tsuke. Inci ashirin. Lamba ɗaya kuwa sai da ya miƙe tsaye, ma'aunin ma bai kai ba, muka haɗa da igiya. Kusan arba'in.

Ya ce, "Ka gani? Kowane gilashi yana da inda yake tara haske. Mai ƙarfi yana lanƙwasa shi da sauri, sai ya taru kusa. Mai sanyi yana kai shi nesa. Ka raba arba'in da lamba, abin da ya fito shi ne incinsa. In ka ninka lamba, nisa ya ragu rabi. Mutumin da ganinsa na nesa lafiya lau, in ka sa masa huɗu, duk abin da ya wuce inci goma hazo ne. Ba ƙarin gani ka ba shi ba. Ɗaki ka gina masa, ka matso da bango."

Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce wata ma'aikaciyar asibitin ido ce ta nuna masa, cikin minti biyar, ranar da ya je a cire masa ɓarɓashin ƙarfe. Minti biyar, a asibitin da na hana matata zuwa.

Ban san lokacin da na zauna a kan dakalin kwata ba. Ya ce, "Kramo, lafiya?" Na ce masa, tela fa, daga ido zuwa allura inci nawa ne? Ya ce shi ba tela ba ne, in je in auna. Ya ɗauki lamba biyunsa ya tafi.

Na rufe tebur da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba. Na samu matata tana tsince shinkafa da lalube. Na ce ta ba ni tef ɗinta na awo. Ta ce me zan yi da shi. Na ce ta zauna a kujera kamar tana kan keke, ta sa hannu inda allura take. Jikinta bai manta ba, nan take ta zauna daidai. Na auna: inci goma sha takwas. Na ce ta tsaya kamar tana yanka. Inci ashirin da shida. Na raba arba'in da ɗaya da rabi a bayan kwalin ashana. Ashirin da shida da 'yan kai. Ɗaya da rabin da ta zaɓa da kanta a kan tabarma, wanda na fizge, shi ne ya kai har teburin yanka, kuma a shekarunta na lokacin idonta zai cike sauran zuwa allura.

Na faɗa mata duka. Ban rage komai ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "Gobe mu je Tafo."

Da safe muka hau torotoro muka tafi. Ƙanwarta ta yi mana maraba, ta tashi daga kan keken. Na ba matata lamba biyu, don shekaru sun ƙaru. Ta zauna, bayanta a miƙe. Ta ɗauki zare ta zura a allura, sau ɗaya. Ta jawo wani ƙyalle, ta taka. Layi ya fita a miƙe kamar an ja da ma'auni. Ta juya ƙyallen ta sake wani a gefensa, ta sake wani. Ƙanwarta ta rufe baki da hannu tana cewa, "Yaya, kina gani? Yaya, ashe kina gani?"

Matata ta tsayar da keken da tafin hannu. Ba ta dubi ƙanwarta ba, ni ta duba.

"Malam, ashe ban taɓa makancewa ba."

"Ba ki taɓa ba."

"Na ce maka ina gani."

"Kin ce."

"Na ce ka bar ni in je asibiti."

Ƙanwarta ta fara cewa, "Yaya, ƙaddara ce, a yi haƙuri," matata ta ɗaga mata hannu.

"Kar ki sa wa Allah abin da ba shi ya yi ba. Ƙaddara ba ta da tebur a bakin titi."

Na ce zan nemi taksi yanzu a mayar da keken gida. Ta yi wata dariya da ban taɓa ji a bakinta ba, ba na kuma fatan in sake ji.

"In karɓe shi daga hannun marayu in ce musu me? In ce mijina ya koyi lissafi? Matan da nake yi wa ɗinki suna wurin wasu shekara bakwai. Yaran yanzu da injin lantarki suke yi, fasalin ma a waya suke dubawa. Wuyan nan da ka lanƙwasa, awa ɗaya ba zai ɗauka ba. Ka mayar mini da keke, wa zai mayar mini da sauran?"

Na ce in sayo sabo. Ta ce in bar maganar, kada in ƙara mata zafi.

Ta tashi, ta gyara mayafi, ta ce wa ƙanwarta zaren ƙasa ya yi sako-sako, ta ɗaure shi kaɗan. Muka dawo gida.

Ba ta sake ɗinki ba. Tana sa lamba biyun in za ta tsince shinkafa ko ta yanke wa jikoki farce. Daga baya ta je asibitin da ƙafarta, ba ta ce in raka ta ba, suka auna ta suka ce idonta lafiya, tsufa ne kawai irin na kowa. Muna zaune tare, tana dafa mini abinci, muna gaisawa. In aljihun rigata ya yage, sai in kai wa telan da ke yawo da keke a ka. Ban taɓa roƙon ta ta kama mini ba, ita ma ba ta taɓa cewa in kawo ba. Na nemi gafararta. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ba ni da bakin sake tambaya.

Abin da ke ƙona mini rai, ba ita kaɗai ba ce. Mutum nawa na yi wa gyaran rabin lamba? Mai gyaran agogo, mai aski, mai saƙar hula, direban da ya sa tabarau ɗina don ya duba takarda ya manta bai cire ba. Su wa suka ajiye sana'arsu suna cewa ido ya tafi? Ban san su ba, ba zan kuma san su ba. Na je wurin 'yan uwana masu tebur na nuna musu abin rana da jarida. Biyu suka saurara. Sauran suka ce tsufa ya fara taɓa ni, wani ma ya ce in bar mutane su sayi abin da ransu yake so. Har yau suna nan da jaridunsu, suna miƙa wa iyayen mutane uku da rabi da murmushi. In na wuce ta gabansu sai in tsallaka titi, don kada in kifar da teburin wani.

Ni na bar sana'ar. Abin da ya rage mini shi ne roƙo. Kai mai sayarwa, ka tambayi mutum aikin da yake yi, ka auna daga idonsa zuwa aikin, ka raba arba'in da incin da ka auna, ka ba shi mafi ƙanƙantar lambar da ta ishe shi. Kai mai saye, kada ka karɓi babbar lamba don a ce ka ci riba. In abu ya ƙi daidaita, a je wurin waɗanda suka karanci ido. In kuma na gidanka ya ce maka ga yadda yake gani, ka rufe bakinka ka saurara, ko da kai ne gwanin unguwa. Don girman Allah, kada wani ya sake yin abin da na yi.